Kamfanin Da Ba Ya Faɗuwa

Alhazai da Hajiyoyi masu abin hannu, na ji an ce kuna neman inda za ku ajiye dukiyarku ta hayayyafa. Dala ta yi tsada, fili a Abuja ya fi ƙarfin mai hankali, kiwo kuma ɓarayin daji sun hana. To ku ba ni kunnenku. Akwai wani kamfani a ƙasar nan da ya haura shekara 50 yana kasuwanci bai taɓa rufe shago ba, kuma cikin duk jihohin da ya kafa rassa babu inda ya nuna gwanintarsa irin Katsina. Ba za ku same shi a kasuwar hannun jari ta Legas ba, domin ba ya zama da suna ɗaya. Yau ma'aikatar gwamnati ne, gobe hukuma, jibi ɗan kwangila, gata kuma mai jarin da ya sayi kadarar gwamnati da bashin banki. A 1972 aka raɗa wa babban reshensa suna NEPA, a 2005 aka sake masa suna PHCN, a Nuwamban 2013 aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka sayar. Mutanen gari, da yake sun san yaron tun yana goye, har gobe NEPA suke kiransa.

Masana harkar jari suna gargaɗin kada mutum ya tattara dukiyarsa a sana'a ɗaya. Wannan kamfani ya riga su sani. Yana da hannu a iska, yana da hannu a rana, ga ruwa, ga ƙarfe, ga man fetur, ga jirgin ƙasa. Duk rassan nan kuwa a kan hikima ɗaya aka gina su: wanda ya gama aiki sau ɗaya ake biyansa, wanda bai gama ba kullum da sauran magana a kansa a kasafin baɗi. Mahaƙin rijiyar da ake kai wa tuwo da fura muddin yana cikin rami, in yana da wayo, yakan tsaya ne saura kamu ɗaya ya cim ma ruwa.

Gani ya kori ji. Ku hau mota daga Ƙofar Ƙaura ku ɗauki hanyar Kano. Ba ku yi nisa ba za ku iso Lambar Rimi, ku hango su daga bakin titi, dogayen turaku farare masu fukafukai. Wannan ita ce tashar lantarki mai aiki da iska, abin alfaharin kamfaninmu kuma uwar duk kadarorinsa. Fankoki 37 ne, kowace an ƙera ta don ta ba da kilowat 275, jimilla megawat 10 da 'yan kai. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganar a 2005 yana gwamnan Katsina. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007 sai aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila, aka sa ran kammalawa a 2012. Yaron da aka haifa a Rimi shekarar da aka fara wannan zance yau ya isa a ba shi mata. Ina wani kamfani a duniya da zai iya riƙe aikin megawat 10 ya raine shi tsawon wannan zamani, bai bari ya mutu ba, bai kuma bari ya girma ba? Wannan sai gwanaye.

Har irin fankar da aka zaɓo akwai basira a ciki. Mai fukafuki biyu ce, kuma Faransawa sun ƙera ta ne saboda tsibiran da guguwar teku ke yi wa ɓarna, yadda in an ga hadari ya haɗo za a iya sassauta igiyoyinta a kwantar da ita ƙasa har iska ta lafa. Mu ba mu da teku, ba mu da guguwarsa, amma mun fi masu ita gane amfaninta. Fanka ce mai iya kwanciya, ta kuma faɗo ƙasar da ba a tashin mai barci.

Akwai abin da ba na wasa ba a tarihin wurin nan, kuma ba zan tsallake shi ba. A Disamban 2012 'yan bindiga suka afka gidan da injiniyan kamfanin Vergnet, Francis Collomp, yake zaune a Rimi, suka kashe mutum biyu, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta kama shi. Ya yi wata 11 a hannunsu kafin ya kuɓuta a Zariya a Nuwamban 2013. Rayuka sun salwanta, aiki ya tsaya, kuma babu mai imanin da zai ga laifin Faransawan da suka janye ma'aikatansu a lokacin. Amma ku dubi yadda kamfaninmu ya san darajar uzuri. Wani ɗan kasuwa da ya ci uzurinsa a shekara guda ya cinye. Namu ya adana shi yana gutsura, har bawan Allahn da aka sace ya koma ƙasarsu ya yi shekaru, uzurin bai ƙare ba. Da ya fara tsufa aka samo masa ƙanne: ɓarayi sun kwashe wayoyi, kayan gyara sun maƙale a tashar jirgin ruwa, layin da zai kwashi wutar bai kammala ba, kayan da aka kafa tun farko sun lalace saboda zama. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin jinkirin da kansa ya zama dalilin sabon jinkiri, kuma ya zama dalilin sabon kuɗi.

Ministocin lantarki kuwa, Allah ya saka musu da alheri, ba su yi wa Lambar Rimi rowar alkawari ba. An zo rangadi, an sa hular kwano, an tsaya gindin turke an ɗaga kai sama, an gwada wasu fankokin sun juya, an ɗauki hoto, an faɗi watan da za a ƙaddamar. Minista ya tafi, wani ya zo, ya tarar da alkawarin yana nan lafiya lau kamar yadda aka bar masa, shi ma ya sabunta shi ya miƙa wa na bayansa. A 2024 aka sake jin gwamnatin jiha tana maganar farfaɗo da tashar. Ina yi mata fatan alheri har zuciyata. Sai dai a matsayina na mai ba ku shawara, dole in nuna muku abin sha'awar da ke nan: kadarar da za a iya farfaɗowa tun ba ta taɓa cikakkiyar rayuwa ba, ita ce kadarar da ba ta da ranar ƙarewa.

Kada ku manta da wannan ma. Daga 2007 zuwa 2010 ɗan Katsina ne a kan kujerar shugaban ƙasa. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan Daura ne. Wajen shekara 11 ke nan mulkin Najeriya yana hannun 'ya'yan jihar nan. A wata ƙasa da sai a ji tsoron son kai, a ce shugaba zai karkatar da komai gida. Kamfaninmu ya wanke shugabanninmu daga wannan zargi tas. Megawat 10, abin da bai kai ya riƙe birnin Katsina shi kaɗai ba, ya gagari fadar shugaban ƙasa sau biyu. Wa zai ƙara cewa ana nuna bambanci?

Ku kwatanta da mutanen Senegal, ku ga rashin iya kasuwanci. A Taiba Ndiaye suka fara kafa tashar iska a ƙarshen 2018, fankoki 46, megawat 158. A Fabrairun 2020 Shugaba Macky Sall ya je ya buɗe ta. Shi ke nan, sun kashe kasuwarsu da hannunsu. Babu sauran rangadi, babu kwamitin bincike, babu sabunta farashin kwangila, sai wuta kawai da ke ta kwarara gidajen mutane. Kenya ma ta tafka irin wannan kuskure a tafkin Turkana, fankoki 365, megawat 310, daga 2014 zuwa 2019 an gama an tashi. Abin tausayi, ba su sami mai ba su shawara ba.

Reshen rana ya fi na iska tsabta, domin shi ko turke ba a kafa ba balle ya yi tsatsa. A Yulin 2016 hukumar da ke sayen lantarki a sari a madadin gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su samar da fiye da megawat 1,000 daga hasken rana, akasari a Arewa. Katsina ta sami rabonta, har da megawat 75 da aka ce za a kafa a Kankiya. Daga nan aka shiga ciniki. Gwamnati ta ce farashin da ta sa wa hannu ya yi tsada a rage, masu jari suka ce a ba su tabbacin za a biya su, aka yi ta jan igiya har maganar ta bi ruwa. A wannan tsakanin Nijar, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, ta kafa 'yar tasharta ta megawat 7 a Malbaza ta kunna a 2018. Megawat 7 ai abin dariya ne kusa da 75. Bambancin kawai shi ne nasu yana kunna ƙwai, namu kuwa yana cikin fayil, inda ƙurar hunturu ba ta dusashe shi. Ranar da ke gasa masu tallan ruwa a bakin Babbar Kasuwa a watan Afrilu tana nan ba mu taɓa ta ba, ajiya ce muka yi wa jikoki.

Sauran rassan ba sai na tsawaita ba. A farkon shekarun 1980 aka gina wa Katsina masana'antar mulmula ƙarfe, ɗaya daga cikin uku da aka kafa tare da na Jos da Oshogbo, aka tsara cewa ɗanyen ƙarfenta zai riƙa zuwa daga Aladja kusa da Warri, tafiyar fiye da kilomita 1,000, zuwa garin da ba shi da layin dogo. Wanda ya yi wannan lissafi ya cancanci lambar girma. A 2018 Najeriya da Nijar suka sa hannu kan gina matatar mai a jihar Katsina, aka ambaci Mashi, za a jawo ɗanyen mai daga Nijar. Muna cikin nazari Nijar ta shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 ta kai manta gaɓar teku a Benin. Madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma an kammala ta a 1983, bikin aikin jawo ruwanta zuwa famfo kuwa sai 2021, kuma masu turin kurar ruwa a unguwannin birni ba su ga abin da zai sa su nemi wata sana'a ba. Reshe ɗaya ne ke ba ni damuwa, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka ba Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2. Shi wannan ana ganin aiki a ƙasa, kuma in ba a yi hattara ba wata rana jirgi zai iso Katsina da gaske ya ɓata wa kamfani suna. Abin kwantar da hankalin shi ne wa'adin farko ya riga ya wuce, an kuma ɗaga shi, don haka tarbiyyar gidan ba ta ɓace gaba ɗaya ba.

Yanzu mu zo inda ribar take, wato wurin mai saye. Duk kasuwanci da abokin ciniki yake tsayawa, kuma na rantse muku babu abokin ciniki a bayan ƙasa irin Bakatsine. Ta Dikko ɗakin kara aka ce, kuma karar nan ita ce babbar kadarar da ba a rubuta a littafin kamfani ba. Taransifoma ta ƙone a unguwa, doka ta ce gyaranta da sauya ta nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Me mutanen unguwa za su yi? Bayan sallar isha'i za a tsaya a ƙofar masallaci, a naɗa kwamiti, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, mai shago ya ba da ninki, a je a roƙi ɗan majalisa ya cika. Su sayi turke, su sayi waya, su biya kuɗin mai a zo a ɗaura. Ranar da aka ɗaura, kayan sun zama na kamfani. Ƙarshen wata a kawo musu bil, wanda ba shi da mita a kintata masa abin da ake jin ya sha, in ya yi gardama a zo da tsani. A wace sana'a ce mai saye ke kawo jari, ya ba da kyauta, ya biya kuɗin hajar da bai gani ba, sannan in an kawo wuta ƙarfe biyun dare yaransa su yi ihun murna? Ku faɗa mini sunanta in sayar da gonar gado in shiga.

Kuna tsoron faɗuwa? Ku kwantar da hankalinku, an riga an shimfiɗa katifa. Da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, masu jari suka ɗauki kashi 60 gwamnati ta riƙe 40, aka ce masu kuɗi da ƙwarewa sun iso. Ba a jima ba Babban Bankin Najeriya ya fito da tallafin bashi na naira biliyan 213 don a tallabe kasuwar. A 2017 aka ƙara ware biliyan 701 don a tabbatar masu samar da wuta sun sami kuɗinsu. KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, na cikin waɗanda bankin Fidelity ya karɓe ragamarsu a Yulin 2022 saboda bashin da aka ci aka saye su, daga baya wasu masu jarin suka shigo. Ku lura da kyawun tsarin. Mai jari na iya sauyawa, shugabannin kamfani na iya sauyawa, banki na iya shiga ya fita, amma mai walda a Sabuwar Unguwa yana nan inda yake, kuma shi ne ba ya cikin waɗanda ake tallabewa.

Sai kuma gwanintar sa farashi. Ran 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, bisa sharaɗin za a ba su awa 20 a rana. Ninki uku da ɗoriya a kwana ɗaya, cikin azumi, cikin zafin bazara. Hikimar ba a ƙarin kuɗin kaɗai take ba. Wutar da ake rabawa duk ƙasar ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. In za a cika wa rukunin A awa 20 daga wannan ɗan abin, daga ina za a ɗebo? Daga layin talaka. An mayar da ƙarancin da kamfani ya haifar ya zama haja mai daraja, ana sayar wa mai hali da tsada, a rage wa marar hali nasa. Jami'o'i da asibitocin koyarwa a faɗin ƙasar suka yi ta kukan bil ya fi ƙarfinsu. Kuka kuwa a kasuwanci alama ce ta cewa mai saye ba shi da wurin zuwa.

A nan yabon ya tsaya mini a maƙogwaro, don na san waɗanda ke biyan wannan riba. Tela ne da ya karɓi ɗinkin salla ya kwana yana taka keke da fitilar waya a baki. Mai ƙanƙara ce da ta ci bashi ta sayi firji don azumi, ruwan ya ƙi daskarewa, bashin bai jira ba. Mai injin markaɗe ne da ya koma kan fetur, fetur ɗin da ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya ɗora wa matar da ta kawo waken ƙosai, ita kuma ta rage girman ƙosan. Mace ce mai naƙuda a asibitin karkara da ake haska mata tocila. Saurayi ne da ya koyi walda shekara biyar, ya buɗe rumfa, wuta ta ƙi zuwa, ya sayar da injin ya sayi babur, wani kuma bai tsaya a babur ba. Jihar da ke fama da 'yan bindiga daga Jibiya da Batsari zuwa Ƙanƙara da Faskari ba ta da abin da ta fi buƙata irin sana'ar da za ta riƙe hannun matashi, kuma sana'a a wannan zamani wuta take ci. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da lantarki, kuma rashin tsayayyiyar wuta na ci wa ƙasar kimanin dala biliyan 26 a shekara. Wannan kuɗi ba daga sama yake zuba ba, daga aljihun waɗannan bayin Allah yake fita, naira ɗari-ɗari, kuma yana ƙona mini rai.

To, mu koma kan kasuwanci. Kamfanin kirki akan gane shi ranar jarrabawa. A Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sai layin da ke hawowa daga Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi. Yawancin jihohin Arewa, har da Katsina, suka shiga duhu fiye da mako guda. Cajin waya ya zama abin bin layi, ruwan sanyi ya zama na masu hali, masu sayar da kifi da kaji suka zubar da jarinsu. A nan aka gane cewa duk yankin nan a kan igiya biyu yake rataye, kuma shekara da shekaru ba a ga dalilin ƙara ta uku ba. A ranakun nan ne megawat 10 na Lambar Rimi da 75 na Kankiya, waɗanda ke nan cikin gida ba sai sun ratso dajin Neja ba, za su iya riƙe asibitoci da famfunan ruwa. Amma ku ga ƙarfin kamfani: ya daina kawo haja ga rabin ƙasa kwana da kwanaki, ba a rufe shi ba, ba wanda ya ajiye aiki, da wutar ta dawo kuma godiya aka yi. Wane mai sayar da shinkafa ne zai yi haka ya kwana lafiya?

Har ƙetare muna da kasuwa. Akwai layin wuta da ya tashi daga Katsina ya shiga Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta cikin takunkumin ECOWAS, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga ɗauke-ɗauke. Maraɗi fa, garin da zuriyar sarakunan Katsina na dā suka kafa, inda kowane gida a birnin nan yake da kawu ko gwaggo. Wutar da ba ta ishe mu ba mun iya sayar musu, da muka fusata kuma muka aika musu da duhun da muka fi ƙwarewa a kai. Sai dai ribar ba ta ɗore ba, don sun ɗauki darasi, suka hanzarta kunna tashar rana ta megawat 30 a Gorou Banda. An koya wa mai saye ya nemi wata kasuwa, kuma wannan kuskure ne da ban so kamfani ya maimaita a gida.

Makomar jari kuwa sai hamdala, don rumbun alkawari cike yake. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Siemens na Jamus a 2019 ta ce megawat 7,000 a 2021, 11,000 a 2023, 25,000 a 2025. Duk shekarun an lissafa su dalla-dalla, kuma tazarar da ke tsakanin alkawari da abin da ke cikin waya ita ce kasuwar da za ku ci nan gaba. Mambila mai megawat 3,050 tana nan ana zancenta tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, an ƙaddamar da shi a 2020, Arewa na ta zuba ido. A 2008 majalisar wakilai ta binciki biliyoyin dalar da aka kashe wa lantarki a zamanin Obasanjo, aka yi ta musu ko 10 ne ko 16, aka tashi wutar ba ta ƙaru ba, kasuwa kuma ba ta girgiza ba. Wannan shi ake kira ɗorewa.

Amana ce in faɗa muku inda haɗarin yake, don duk mai ba da shawarar da ya ɓoye wannan maƙaryaci ne. Na farko, mai saye ya fara gudu. Ku ɗaga kai a Layout da Ƙofar Marusa da Rafin Daɗi ku ga rufin gidaje da shaguna da masallatai, farantan sola sai ƙaruwa suke. Mai cajin waya ya sa, mai kemis ya sa, mai rijiyar burtsatse ya sa. Kowane faranti mutum ɗaya ne da ya yanke ƙauna ya daina jiran mai tsani. Abin ya kai har fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta kafa nata solar. Hedikwatar kamfani ke nan ta leƙa tukunyar da take dafa wa jama'a ta aika a sayo mata abinci a waje. Ba na ganin laifinta, ta fi kowa sanin abin da ke ciki. Illar kawai ita ce waɗanda ke iya guduwa su ne masu iya biya, a bar kamfani da talakan da ba shi da kuɗin batir, shi kuma a ƙara matse shi.

Na biyu ya fi tsanani. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa tasu kasuwar wuta, su samar, su rarraba, su sa ido da kansu. Shekara 50 ƙarfin wannan kamfani yana cikin nisansa ne. In ka tambayi mai kawo bil ya ce Kano, Kano ta ce ba a ba ta isasshe daga babban layi ba, masu babban layi su ce masu samarwa, masu samarwa su ce gas da bashin da ake bin gwamnati, gwamnati ta ce wadda ta gabace ta. Mai ƙorafi yakan gaji tun bai kai zango na uku ba. Ranar da alhakin ya sauko Katsina, mai amsa tambaya zai zama mutumin da ake haɗuwa da shi a jana'iza da ɗaurin aure, wanda aka san gidan ubansa, wanda zai dawo neman ƙuri'a. Ranar nan mai walda na iya tsayawa a gaban ɗan majalisarsa ya ce, ranka ya daɗe, cikin fankoki 37 nawa ke juyawa yau, kilowat nawa suka taɓa zubawa a layi, nawa aka kashe daga 2005 zuwa yanzu, wa ya karɓa, wa ya sa hannu cewa an yi aikin. Tambayoyi ne da ke da amsa a rubuce a ofisoshin Abuja, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya nema a ba shi. In kun ji ƙungiyar teloli da ta masu walda da 'yan kasuwar birni sun haɗa kai sun rubuta wannan takarda, Alhaji, ka janye kuɗinka a ranar, kada ka jira wayewar gari.